AFUWAR BAKIN RAMI: Shafi Na 19

To, masu cika min akwatin saƙo da "ina sauran, ina sauran", ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto cewa Yoli ta cika zafin kai, ban musa miki ba. Gyara zama ki ga inda zafin kan ya kai ta yau.

*

Ko ƙwanƙwasawa Yoli Barrientos ba ta yi ba, ta banka ƙofar ofishin Corwin Teague ta faɗa ciki. Ƙarfe biyu ta gota, shugaban aikin bai sami cin abincin rana ba sai yanzu, ya warware takardar taco ɗinsa ke nan ya kai baki.

"Yoli, ƙofar nan ba ta yi miki laifin komai ba."

"Na gano."

"Kin gano me?"

"Abin da ya kashe wasan nan."

Ya ajiye abincin, ya sauke numfashi. Sati uku ke nan da fitowar sabon wasan bidiyonsu, Wasiƙun Pim, kuma tun daga ranar babu wanda ya yi dariyar kirki a kamfanin Red Caliche. Shekara ashirin da shida suna fitar da wasannin Nubbin, ɗan akuyan nan mai tsallen duwatsu, guda tara cur, babu wanda bai karɓu ba. Sai manya suka ce a ware ƙawarsa Pim, agwagwa mai rabon wasiƙu, a yi mata nata wasan daban. Aka yi. Masu sharhi suka ba shi biyar cikin goma, wani ma huɗu ya bayar, ya ce ita ma don kunyar Nubbin ce. Kuma duk bakinsu ɗaya: zane ya yi kyau, kiɗa ya yi daɗi, amma tsallen babu armashi. Me ya sami tsallen? Oho. Babu wanda ya iya faɗa.

"Kowa a ginin nan ya gano abin da ya kashe wasan," in ji Corwin. "Jiya mai gadi ya ce launin agwagwar ne. Ki bi layi."

Ta ture takardar taco ɗin gefe, ta dire wayarta a gabansa.

"Kalla."

Bidiyo ne ta ɗauka a falo, talabijin a gaba, ga wani hannu mai jijiyoyi riƙe da rimot ɗin wasa.

"Hannun wa ke nan?"

"Na babana."

Corwin ya ɗan sassauta fuska, don duk ofishin an san labarin Eusebio Barrientos, wanda 'yan unguwa ke kira Chebo. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas a nan birnin Austin. Tun Yoli tana 'yar shekara takwas suke zama su biyu a gaban talabijin suna buga Nubbin, kuma suna da doka ɗaya da ba a taɓa karyawa ba: ba a leƙen ƙarshen wasa, sai ka kai da hannunka. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya fara farfaɗowa, likitar gashin ƙashi ta ce ya koma wa wasansa, zai taimaki yatsun. Ya koma, da babban yatsan da sai an kira shi sau biyu yake amsawa, ya bi wasannin nan tara ɗaya bayan ɗaya ya ƙare su tas. Sai ga Pim ta fito, wasa na farko da sunan 'yarsa zai hau cikin jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshe, tunda yanzu tana cikin masu gwajin wasa na kamfanin. Ya ce sai ya ga sunan nan da idonsa. Yau sati uku yana zango na uku, a bakin rami ɗaya, yana faɗawa.

"Sau ɗari uku da goma sha ɗaya," in ji Yoli. "A bayan kalanda yake rubutawa. Jiya ya ce min hannun ne ya koma baya."

"To ki nuna masa sunan a waya mana. Ai ya cika intanet."

"Ka taɓa zama da babana? Je ka gwada."

Ta rage gudun bidiyon har ya koma tafiyar hawainiya.

"Wannan Nubbin na bakwai ne. Kalli ƙafarsa. Ka ga ta bar bakin dutsen?"

"Na gani."

"A kan iska yake yanzu. Sai yanzu Apa, babana, ya danna. Me ya faru?"

"Ya yi tsalle."

"Yauwa. Yanzu ga Pim. Irin wurin, irin lattin. Me ya faru?"

"Ta faɗa."

"To ka gani."

Corwin ya ɗaga kafaɗa. "Ai daidai ke nan. In ka bar ƙasa ka faɗi. Haka duniya take."

"Haka duniya take, amma ba haka Nubbin yake ba!" Ta bugi teburin har kofinsa ya yi tsalle. "Corwin, ba hannun babana ba ne. Ba hannun kowa ba ne. Wani abu ne yake cikin tsofaffin wanda babu shi a wannan."

"Ku goma sha biyu kuka gwada wasan nan shekara biyu. Babu wanda ya ce uffan."

"Don mun haddace shi! Mun buga shi sau dubu, yatsunmu sun koyi danna da wuri, muka ɗauka kowa haka yake." Ta ja numfashi. "Na kira Bernie."

"Kin kira wa? Yoli, don Allah me zai sa ki ɗago min..."

Bai rufe baki ba ƙofar ta sake buɗewa.

Bernie Kowalczyk ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka haɗa Nubbin na farko. Shekarunta sittin da ɗaya, gashi fari fat an rage shi gajere, kuma kowa a ginin yaro ne a wurinta, har da Corwin mai furfura a gemu. Lokacin da za a fara gina Pim an tura ta wani aikin a hawa na uku, wai ana son sabon jini.

"Wa ya mutu?" ta ce, kofin kofi a hannunta.

"Bernie, kin buga Pim kuwa?" in ji Yoli.

"Ba na cin girkin da aka kore ni daga kicin ɗinsa. Mene ne?"

Yoli ta miƙa mata wayar. Bernie ta ɗaga tabarau ta kalla. Ta mayar baya ta sake kalla. Sannan ta ajiye kofin a hankali a kan takardun Corwin.

"Wa ya cire min afuwata?"

"Afuwar me?" in ji Corwin.

"Kai yaro, shekararka goma sha ɗaya a nan ba ka san da ita ba?" Ta ja kujera ta zauna. "Kashi ɗaya cikin goma na sakan. Ƙiftawar ido ma ta fi ta tsawo. Ɗan Adam ba ya danna maɓalli a lokacin da yake zaton ya danna, kullum a makare yake, ko da ƙiris ne. Muna gina na farko na kai wa 'yar ƙanwata ta gwada, ta faɗa rami sau biyar ta fashe da kuka, tana cewa ita fa ta danna. Kuma da gaskiyarta, ta danna. Sai na dawo na ce wa na'urar, in ƙafarsa ta bar dutse ki yi kamar ba ki gani ba, ki ɗan jira shi."

"Kuma me ya sa ba a rubuce take a ko'ina ba?" in ji Corwin.

"Don ogan wancan lokacin ya ce maguɗi ne, in cire. Na ce to, na cire." Ta kurɓi kofinta. "Ban cire ba."

Abu biyu Yoli ta ji a lokaci ɗaya. Daɗi ne da haushi a haɗe. Ashe ba ta haukace ba. Ashe sati ukun da tsohon nan ya yi yana kallon yatsansa kamar maƙiyinsa, duk a banza ne.

"Amma ai a kan ginin Nubbin aka ɗora Pim," ta ce. "Ya kamata ta taho tare."

"Ta taho mana," in ji Bernie. "Abin nan ba ya fita da kansa. Sai an sa hannu an cire."

"Wato wani ne ya zauna da hankalinsa, ya ga abin da ya riƙe mutane shekara ashirin da shida, ya ce bari in nuna na iya?" in ji Yoli. "Wane shashasha ne wannan? Wane mai shisshigi ne? Corwin, buɗe rajista. Duk gyaran da aka yi ai yana ciki da sunan mai shi."

"Yoli, ki kwantar da..."

"Ba zan kwantar ba! Buɗe! Na rantse ko waye sai na ɗauke shi a motata na kai shi gaban babana ya maimaita masa abin da ya yi. Sai ya kalli kalandar nan da idonsa!"

Ni dai da ina wurin da na taka mata ƙafa.

Corwin ya juya ga kwamfutarsa yana ƙunƙuni. Ya rubuta kalma biyu, ya gangara ƙasa, ya sake gangarawa. Sai hannunsa ya tsaya. Ya kalli allon, ya saci kallon Yoli, ya kai hannu zai rufe murfin.

"Bari mu bar maganar nan."

"Me ka gani?"

"Tsohon abu ne. Wanda ya yi gyaran ɗan kwangila ne, ya daɗe da barin nan."

"Ɗan kwangila ba ya gyara sai an ce masa gyara. Wa ya ce masa?"

"Yoli."

"Kai ne ko? Lallai! Shi ya sa tun ɗazu kake ta kame-kame!"

Ta fizgo kwamfutar ta juyo da ita gabanta.

Rahoto mai lamba 212. Layi uku ne kacal.

*Pim tana iya yin tsalle bayan ƙafarta ta bar ƙasa. Na gwada sau arba'in, kullum haka. Tangarɗa ce, a gyara.*

A ƙasa an rubuta: *Wanda ya amince, C. Teague.*

A sama kuwa: *Wadda ta kawo rahoto, Y. Barrientos.*



Ta tuna. Kai, ta tuna sarai! Satinta na biyu ne a aiki, tana ta neman abin da za ta kama a san ita ma tana da ido. Kwana biyu ta yi tana rage gudun wasan har ta cafko wannan. Shi ne rahotonta na farko da aka karɓa. A taron ranar Litinin Corwin ya nuna ta a gaban kowa ya ce ga mai idon mikiya, aka tafa mata. Don murna har bugawa ta yi a takarda ta kai gida.

Kunya ta rufe ta, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage ya shige. Takaici ya biyo baya, kuma babu wanda za ta sauke wa sai kanta. Ta lalubi kujera ta zauna.

"Ni ce," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Garin neman gira," in ji Bernie, ba ta ƙarasa ba. Ta cire tabarau ta murza idonta. "Kada ki kwashe duka ke kaɗai, yarinya, ki rage mana. Mu uku ne. Ni na ɓoye, ke kika tono, shi kuma ya sa hannu bai tambayi kowa ba."

"Rahoto ɗari biyu nake sa wa hannu a sati!" in ji Corwin.

"Hawa na uku nake, ba wata duniya ba. Da ka hau ka tambaye ni."

"Da kin rubuta da ba sai na hau ba!"

"Ku dakata," in ji Yoli. "Bernie, za a iya mayarwa?"

"Layi ɗaya ne. Kafin shayi ya huce na gama."

"To mayar mana! Me muke jira?"

Corwin ya tashi ya tura ƙofar ta rufu, ya jingina da ita.

"Ga abin da muke jira. Facin ƙarshe na Pim, gyaran da za a tura wa duk masu wasan, ƙarfe huɗu na yau za a rufe shi. Daga nan uwar kamfani ta naɗe tabarmar wasan, a raba mu wasu ayyukan, babu wani gyara kuma har abada. Kuma duk abin da ya taɓa tsalle ba ya shiga faci sai da takarda: me ya lalace, me ya jawo, wa ya kawo, wa ya amince. Da sa hannun su biyun."

"To a rubuta."

"Kin san inda takardar za ta? Teburin mutanen da suka yi sati uku suna neman wanda za su rataya wa wannan jakar tsabar. Yanzu abin da suka sani shi ne wasa bai karɓu ba, ƙaddara ce, kowa ya yi iya yinsa. Ke kuma kina so ki aika musu da suna biyu a faranti."

"Tsoro kake ji."

"Ƙwarai kuwa! Ina da 'ya'ya biyu a makaranta. Ke kuma kwangilarki watan gobe za a duba ta. Kina zaton da ni za su fara? Da ke za su fara, Yoli. Kuma garin nan ƙarami ne, kamfanonin wasa nawa ne a cikinsa? Kafin Litinin kowa ya san ki: yarinyar da ta kashe tsallen Nubbin."



"Wasan ya riga ya mutu," ya ci gaba, yana sassauta murya. "Faci ba ya tada gawa. Masu sharhi ba za su dawo su ƙara mana maki ba."

"Ba don masu sharhi nake yi ba."

"Na sani. To Bernie ta haɗa wa tsohon nasa daban. Ki kawo shi nan ranar Asabar ya buga a na'urar ofis, ya ga sunanki, kowa ya huta."

"Ba ka san Apa ba. Da ya ji an yi masa nasa daban zai ce tausayinsa aka ji. Daga ranar ya gama da wasa, ya gama da hannun. Sai dai ya ci shi a falonsa, a na'urarsa, irin wanda kowa yake bugawa."

"Taurin kai dai gado ne a gidanku."

"Kai yaro, iya bakinka," in ji Bernie. Ta miƙe ta ɗauki kofinta, ta bar zoben kofi a kan takardunsa. "Zan je in mayar, in ajiye a shirye. Zan turo muku takardar a waya. Ni nawa sunan zan sa a ciki ko ba a tambaye ni ba, na tsufa da jin tsoron manyan nan masu kwat da ɗaure wuya da igiya."

Ta fita. Corwin ya kalli taco ɗinsa da ya sandare, ya tura shi cikin kwandon shara.

"Ni dai ba zan fara sa hannu ba," ya ce. "In kin sa, sai in duba."

Ku da kuke jira Yoli ta zaro waya ta rattaba hannu nan take kamar jarumar fim, ku yi haƙuri. Ba ta yi ba. Fita ta yi ta shiga motarta a wurin ajiye motoci, ta zauna cikin zafin nan na Texas ko gilashi ba ta sauke ba. Takardar ta shigo wayarta, ta buɗe, ta karanta, ta rufe. Ta sake buɗewa. Shekara shida ta yi tana sayar da wayoyi a kanti tana aika takardun neman aiki kafin ƙofar nan ta buɗe mata. Ta tsani Corwin don ya faɗi gaskiya. Ta fi tsanar kanta don gaskiyar ta kama ta.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna wayar ta yi ƙara. Daga asibitin gashi ne.

"Ms. Barrientos? Muna so mu tabbatar ne. Mahaifinki ya kira ɗazu ya soke zuwansa na gobe."

"Na gobe kawai?"

"A'a, duka. Ya ce a ba wani gurbinsa, wanda zai amfana."

Ba ta san lokacin da ta tada motar ba.

Babbar hanya ta cushe kamar kullum, kowa ya fito a lokacin da bai kamata ba. Ta danna ham, ta zagi wata babbar mota, ta zagi fitilar hanya, ta zagi agwagwa da wanda ya zana ta. Kafin ta kai unguwarsu Montopolis ƙarfe huɗu saura kwata.

Ƙamshin wake ne ya tare ta a bakin ƙofa. A tsakiyar falo ga kwali a buɗe. Na'urar wasan tana ciki an naɗe wayoyinta tsaf, a kanta ga wasannin Nubbin tara a jere, na ɗaya har na tara. Chebo yana durƙushe da gwiwa ɗaya, yana ta fama da salatif da hannun hagu.

"Apa, mene ne wannan?"

"Mija, 'yata! Yau da wuri? Zo ki riƙe min bakin nan, abin nan ya raina ni."

"Ina za ka kai su?"

"Coci. Ranar Asabar akwai gwanjon taimako. Wani yaron zai ji daɗinsu."

"Kuma ka soke asibiti."

Ya dafa kujera ya miƙe da ƙyar, ya zauna, ya ɗora hannun daman a cinyarsa yana kallonsa.

"'Yan gulma. Ko awa biyu ba a yi ba."

"Apa."

"Hannun ya gama, mija. Shekara talatin na yi ina tuƙi, na san lokacin da burki ya daina kamawa. Direban kirki ba ya jira sai ya taka mutum kafin ya ajiye makulli."

"Wata uku da suka wuce ka ƙare Nubbin na tara da hannun nan!"

"Wata uku da suka wuce ke nan. Yau da safe na ƙara ashirin. Ɗari uku da talatin da ɗaya. Ina gani da idona, ina dannawa, tana faɗawa. Me ya rage kuma? In ci gaba da zuwa wata yarinya tana ba ni ƙwallon roba in matsa tana tafa min?"

"Ba hannunka ba ne. Wasan ne. Akwai aibi a cikinsa."

Ya ɗago kai. Fuskar nan ta haɗe, irin haɗewar da fasinjoji marasa kunya suka sani.

"Kul. Kada ki soma."

"Da gaske nake, Apa, akwai wani abu da aka..."

"Na ce kul! Kada ki zagi aikinki don ki lallashe ni. Ni ba yaro ba ne. Na ji abin da 'yan intanet suke faɗa, marasa aikin yi, na ce da su a raina ku yi ta yi. 'Yata ce ta gwada wasan nan. Shekara biyu tana kansa. In da akwai aibi da ta gani."

Maganar ta dake ta a ƙirji. Ta ji idonta ya kawo ruwa, ta juya da sauri ta shige kicin don kada ya gani, wai za ta sha ruwa.

Ta kai hannu za ta buɗe firij, sai hannun ya tsaya.

Tana nan. Tsakanin katin likitan haƙori da hoton marigayiya mahaifiyarta, an manne ta da maganaɗisu mai siffar barkono. Gefenta ya fara ja don tururin girki. Shekara biyu tana wucewa ta gabanta har idonta ya daina ganinta. Rahoto mai lamba 212. Da jan biro Chebo ya zagaye sunan da ke sama, ya rubuta a gefe da tsohon rubutunsa mai kyau na kafin ciwo: *Na farko!*

Daga kujerar da yake zama yana wasa, in ya waiwaya, ita yake fara gani.

Wayarta ta yi ƙugi a aljihu. Saƙon Bernie ne.

*Na mayar, na gwada, tana tashi kamar Nubbin. Saura minti tara. Yaron nan Corwin yana tsaye a kaina, ya ce sai ya ga sa hannunki.*

Yoli ta kai hannu ta kama gefen takardar.

"A'a, a'a. Kada ki taɓa min wannan."

Yana tsaye a bakin ƙofar kicin, ya dafa bango da hannun hagu.

"Komai na sa a kwali ban da ita," ya ce. "Ita kaɗai ce wurin da nake ganin sunanki ba sai na yi tsalle ba."

"Apa..."

"Kin san wani abin dariya? Shekara biyu tana nan, duk wanda ya shigo gidan nan sai na nuna masa, har mai gyaran famfo. Amma wallahi ban taɓa gane yarenku na ofis ba." Ya yi ɗan murmushi, ya jawo kujerar kicin ya zauna, ya gyara hannun daman a kan tebur. "Yau dai tunda kin zo da wuri, zauna ki faɗa min. Wane abu ne kika gyara?"